Romo a Fulas ɗin Shayi

Ko tsufa zai kwashe min duk abin da na gani a zamana na Jidda, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na aika wa surukina ɗanyen nama a faranti ba. Ni na yanka shi, ni na jera shi, har da yi masa ado da ganye. Amma kafin ku fara yi min dariya ku bari in faɗi yadda aka yi, don har gobe ban yarda laifin girkina ba ne.

Lokacin muna zaune a Hindawiyya, a wani tsohon bene, mu a sama, uwar mijina a ƙasa. Ni daga Gusau aure ya kawo ni. Maigidan, Abu Faisal, haifaffen Jidda ne, haka ma mahaifiyarsa Hajja, wadda kakanninta suka zo hajji a ƙafa suka yi zamansu. Hausar Hajja rabinta Larabci ne, amma in za ta yi min gori tace Hausar take yi tsaf, don kar in ce ban gane ba.

Ina ɗinki a wani mashgal, wato shagon ɗinkin mata, kuma ba na shigowa gida sai dab da magariba, bayana kamar an daka. In tarar da yara uku sun dawo daga makaranta tun azahar, sun cinye abin da na bari, sun zuba wa ƙofa ido. Hajja kuwa a wurinta macen da ba ta tuƙa tuwo da daddare ba, ba ta yi girki ba. Kullum maganarta ɗaya ce, a bar yaran su riƙa cin abincin dare a ƙasa, tun da uwarsu “mashgula” ce, wato ba ta da lokacinsu. Na san inda maganar ta dosa. Yaron da ya ci a ƙasa, a ƙasa barci zai ɗauke shi, da safe kuma daga can zai wuce makaranta. Wannan ɗan zaman cin abincin shi kaɗai ne lokacin da nake ganin ’ya’yana ido biyu, in ji wa aka doka, wa ya yar da takalmi. In aka karɓe shi, na zama mai biyan kuɗin littattafai kawai.

Mafita ta zo min daga keken ɗinkin da ke kusa da nawa. Akwai wata Rohima, Musulma ’yar ƙasar Biyetnam, ko da yake duk mashgal ɗin ’yar Jawa ake ce mata (a Jidda duk mai irin fuskarsu Bajawe ne, kamar yadda duk mai irin tamu Takaruni ne, ko daga ina ya fito). Kullum da rana sai ta buɗe wani kwano mai farar taliya da ganye, ta tsiyaya masa romo mai tururi, ƙamshi ya hana mu aiki. Su suna ce masa fo. Na dame ta da tambaya da gurgun Larabcina, ta amsa da nata gurgun, har na iya.

Abin ba wuya. Ki babbake albasa da ɗanyar citta a kan wutar gas har su yi baƙi-baƙi. Ki zuba su a tukunya mai fito tare da ƙashin sa, da kirfa, da kanumfari, da hel irin na gahawa, da yansun mai kamar tauraro. Ki ɗiga ruwan kifin nan na kwalba da ake sayarwa a shagunan ’yan Filifin na kasuwar Balad (warinsa sai an daure, amma mai cin daddawa ba shi da bakin magana). In kin yi romon ranar Juma’a kin sa a firiza, sauran kwanakin tafasawa ce kawai. Taliyar ta shinkafa ce, ruwan zafi take gani ta yi laushi. Naman kuwa, nan ne sirrin. Ki ɗan daskarar da shi, ki yanka shi falle-falle, ya fi na kilishi siranta, ki shimfiɗa shi ɗanye a kan taliyar. Tafasasshen romon da za ki kwara a kai shi ke dafa shi nan take, a gaban idon mai ci. Sai na’ana’a, ɗoɗɗoya, lemun tsami da attaruhu.

Yarana suka kamu. Kafin a kira isha mun ci mun ƙoshi, har da ragowar lokacin duba aikin makaranta. Hajja ta hau sau ɗaya ta leƙa tukunyar, ta taɓe baki ta ce ruwan wanke ƙashi ne. Na ji haushi, amma na haɗiye, tun da yaran suna sama.

Ana nan sai ga Baffa Sule, ƙanin mahaifin maigidan, ya zo umara daga gida Gusau. Wata Litinin ya biyo ta Jidda da abokan tafiyarsa biyu zai gai da matar wansa, kuma ba wanda ya gaya min sai da na cire abaya a bakin ƙofa. Hajja ta hawo ta zauna min a kicin, wai ta zo taya ni hira. Ni na san zuwa ta yi ta ga yadda zan kunyata.

Mace mai hankali da ta aika an sayo shinkafar kabsa da kaji a bakin titi, an rufa wa juna asiri. Ni kuwa na ce wallahi abin da ’ya’yana suke ci shi Baffa zai ci, ya je Gusau ya ba da labari. (Addu’ata ta karɓu, ya ba da labarin.)

Na fito da babban farantin baƙi, na tula taliya a tsakiya, na zagaye ta da jan nama falle-falle, na yi kwalliya da ganye da lemun tsami. Na jera kwanuka da cokula. Saura romo. Dole ya isa yana tafasa, ga shi ni ba zan shiga majalisa, wato falon maza, ba, balle gaban suruki. Sai dabara ta zo min, dabarar da na yi ta yaba wa kaina a lokacin: na ɗauko manyan fulas biyu na shayi na cika su da romo. Na kai komai bakin ƙofar majalisa, na ƙwanƙwasa, na ruga kicin kamar yadda aka saba. Ban ce uffan ba. Ina ni ina ɗaga murya Baffa yana ji? Kuma ai maigidan yana ciki, ya san yadda ake zubawa.

Ashe ba ya ciki. Ashe bawan Allahn nan, da yake cin kwano biyu kullum yana lashe cokali, shi ma bai yarda romona zai fitar da shi kunya ba. Ya sulale ya tafi layin masu gasa burodin tamis zai sayo shi da ful, wato dafaffen wake. Ɗaya daga cikin baƙin ne ya jawo farantin ciki.

To ku sa kanku a matsayin dattawan nan uku. Ga fulas ɗin shayi. An buɗe, ƙamshin kirfa da citta da kanumfari ya tashi. Ga ƙananan kofuna da gwangwanin sukari a gefen majalisa inda suke zama kullum. Me za su yi?

Shiru ya yi yawa. Ba ƙarar cokali, ba santi. Can sai na ji Baffa ya yi gyaran murya ya ce a kira masa Hajiya. Hajja ta miƙe da saurin da ban taɓa ganin gwiwoyinta sun yi ba. Na bi ta a baya na laɓe jikin ƙofa.

“Hajiya,” in ji Baffa, a hankali, irin na mai gudun ɓata wa wani, “ni dai shayin na sha. Da na ƙara masa sukari ya ɗan shawu, ko da yake kamar hannunta ya zarce da gishiri. To amma naman nan fa? Ko gas ne ya ƙare wa yarinyar?”

Wani daga cikin abokan ya ce, “Ai ni na ci yanka ɗaya, Alhaji. Na zaci cimar Larabawa ce, kar a ce mun raina.”

Na so benen nan ya tsage in faɗa har ƙasa. Dattijon da yake uba ga mijina, ya fito daga ɗakin Allah, na shayar da shi romon ƙashi da sukari, na sa abokinsa ya haɗiyi ɗanyen nama don kara.

Hajja ta fito riƙe da farantin, fuskarta a ɗaure amma idonta yana rawa. Abin nema ya samu.

“Esh hada, mene ne wannan, ya binti? Ɗanyen nama? Wa Baffan mijinki?” Ta dire farantin a gabana. “Ashe abin da kike ba jikokina ke nan ina ƙasa ban sani ba. Halas, an gama. Daga gobe a wurina za su ci, wallah ba na son musu.”

Da ta tsaya a kan Baffa, da na durƙusa na yi kuka na ba da haƙuri, don na cancanta. Amma ta taɓo yaran. Nan kunyar ta juye ta zama wani abu daban. Na ce a raina, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na mayar da ragowar romon kan wuta har ya yi ɓul-ɓul, na yafa mayafi, na sa tsumma na sungumi tukunyar da kanta, na ce wa Hajja ta ba ni hanya akwai zafi. Ta matsa, don ba ta da zaɓi. Na dawo na ɗauki farantin.

Na yi sallama na shiga majalisar maza. Ni, surukar gida, da tukunya mai baƙin gindi. Dattawan suka sunkuyar da kai kamar su ne suka yi abin kunyar. Na durƙusa, na ce, “Baffa, a gafarce ni. Ba shayi ba ne, miya ce. Ga yadda ake yi.”

Na sa taliya a kwano, na shimfiɗa nama, na kwara romo. Jan naman ya rikiɗe ya dafu a gabansu. Na matsa lemun tsami, na tsinka ganye, na tura masa. Baffa ya leƙa kwanon ya daɗe, ya ce ikon Allah. Ya yi bismilla ya kurɓa, ya sake kurɓa, ya yi kokawa da taliyar tana zille wa cokali, har ya ga ƙarshen kwanon. Na fara jin kaina yana dawowa wuyana.

Ya goge gemu ya ce, “Ba laifi, ’yata, ya gyara baki. Allah ya yi albarka. To sai a kawo abincin.”

Daidai nan maigidan ya turo ƙofa da tamis mai zafi a hannu da ledar ful. Fuskar Baffa ta washe kamar ya ga ɗan’uwa a bariki. Shi kuwa gogan ya ga matarsa durƙushe gaban baffansa da tukunya, uwarsa a bakin ƙofa tana huci, ya tsaya baki buɗe. Kallo ɗaya na yi masa, ya gane zancenmu yana nan tafe.

Hajja ta ce, “Kin ji ko? Baƙo ma ya ce ba abinci ba ne. Yalla, gobe a sauko min da su.”

Na miƙe da tukunyata. Ban ɗaga murya ba, amma ban yi ƙasa da ita ba, kuma a gaban kowa na faɗa. Na ce, “Hajja, Allah ya ƙara girma. Da rana naki ne, ranar Juma’a naki ne. Amma abincin dare a gabana za su ci, ko romo ne, ko tuwo, ko gayan burodi.”

Baffa ya gutsuri tamis ya ce shi dai baƙo ne, amma a saninsa ba a raba kaza da ’ya’yanta a kan tsaba. Hajja ta juya ta sauka, ko sallama babu.

Ta yi fushi da ni har bayan azumi, gaisuwata ma da hanci take amsawa. Baffa kuma ya isa gida lafiya da tsarabarsa. Ba a jima ba mahaifiyata ta kira ni a waya, murya ƙasa-ƙasa, tana tambaya wai da gaske ne na fara cin ɗanyen nama, ko a karɓo min rubutu? Har yau in na je Gusau biki sai wata ta miƙo min kofin shayi ta ce in duba mata ko da ƙashi a ciki. Ina dariya, don abin dariya ne.

Daga baya na sauka na ba Hajja haƙuri. Na ba da haƙurin shiga majalisa, na ba da haƙurin mayar mata da magana gaban baƙi, na ba da na sukarin Baffa da ya tafi a banza. Ta zauna tana jiran na ƙarshen, na maganar yara. Ni ma na zauna. Muka yi ta kallon tabarma har aka kira sallah, na tashi na hau sama na ɗora tukunya. Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta ɗanɗani romon nan ba, ni kuma ban ba da wannan haƙurin ba, yaran kuma a gabana suka ci har suka girma.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma ga shi kyauta. Abincin da sai an yi masa bayani, kar ki aika shi ɗakin da ba ki da bakin magana. In kuwa kin riga kin aika, to ajiye kunyar a kicin, ki ɗauki tukunyarki ki bi bayansa.