Ɗa Ɗaya, Sanarwa Tara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na haifa wa Elhaji Manzo ƴaƴa tara a zama ɗaya ba.

Elhaji ne shugaban ƴan kasuwarmu na Nijar a nan Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya. Kawu Idi ya kai ni gabansa, ya bugi ƙirji ya ce zan haɗa wa ƙungiya manhajar waya ta aika sanarwar suna, aure ko rasuwa. In ta yi kyau, aikin buro, wato ofishin ƙungiyar, nawa ne, na huta da sauke buhunan dabino. (Wata huɗu ke nan da fara koyon haɗa manhaja, amma ina taku kamar ni na ƙera waya.)

To, a irin tsarin da ake yayi yanzu, kai dai ka bayyana abin da za a gani a fuskar waya, ita kuma ta sake zana shi duk lokacin da wani abu ya canza. Aika saƙo kuwa wurinsa daban, inda zai gudana sau ɗaya in an danna. Ni da gaggawata, na cusa shi cikin zanen shafin ƙarshe. Na gwada a gida ya tafi lafiya lau, na ce shi ke nan.

Ranar gwaji ana shan shayi a shagon Elhaji, ya rubuta sanarwar sunan ɗansa, ya danna. Wayoyi suka yi ƙara, Kawu ya hau washe baki. Ashe idon Elhaji ba ya jituwa da ƙananan rubutu. Ya kwantar da wayar don rubutun ya ƙara girma, ya miƙar, ya sake kwantarwa. Duk juyi sabon zane, duk zane sabon saƙo. Wayoyin mutane kuwa sai ƙara suke ta yi.

Ana haka sai wani dattijo mai sayar masa da dabbobi ya kira daga garin Tazrouk, kowa na ji.

"Barka, Elhaji. Sanarwa tara na samu. Raguna tara zan taho da su?"

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Elhaji ya miƙo mini wayar a shimfiɗe bisa tafinsa.

"Karɓi, ɗan'uwa. Kada ka juya ta."

Gyaran bai ci minti biyar ba, amma sai da na ƙara wata uku ina sauke dabino kafin a sake saurarata. Yanzu ba na yarda da aikina sai dattijo ya jujjuya shi. A kasuwa kuma har yau Ungozoma ake kira na.