Rasit ɗin Mai Fotokwafi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ja Baba Sale da dattawan ƙauyenmu zuwa kotu ba, ko da yake Allah ya sani na so in manta.

Baba Sale ƙanen mahaifina ne, manomi a wani ƙauye kusa da Tsanyawa. Maƙwabcin gonarsa ya ci masa iyaka, kunyoyi shida cur. Ya kai ƙara, alƙali ya kore ta don shaidunsa ba su zo ba. Ga damina ta matso, Baba ya kasa zaune ya kasa tsaye.

Ni kuwa malamin firamare ne, ban daɗe da gama karatu a Bici ba, kaina na hayaƙi. Na ce, "Baba, bar min wannan. Ɗaukaka ƙara ai takarda ce kawai." (Ban taɓa taka ƙofar kotu ba, duk lauyancina a rediyo na tsinto shi.)

Na je babbar kotu, na shiga wani shago da ke kallonta inda ake buga takardu. Mai shagon ya buga min, ya ce in biya, ya ba ni rasit har da hatimi. Na ce a raina, to, an biya kuɗin kotu ke nan. Da na shiga kotu na tarar magatakarda ya fita salla, ni kuma ina tsoron mota ta tafi ta bar ni, sai na ɗora takardar a teburinsa na kama hanya. Kafin magariba duk ƙauye an ji cewa na ɗaukaka ƙara.

Kwanaki suka yi ta tafiya shiru. Kullum da sassafe Baba na ƙofar gidana: "An sa rana?" In ce, "Baba, kotu ba ta gaggawa." Amma ni ma ko alli na ɗauka a aji, hankalina na can.

Da haƙurin Baba ya ƙare, ya ɗauko mai unguwa da shaidunsa biyu, muka cika gaban bas. Ni ne a gaba da babbar riga da jakar takardu.

Magatakarda ya laluba ƙarƙashin wasu fayiloli ya zaro takardata. "Ga ta nan, ba a shigar da ita ba. Ina rasit ɗin kuɗin ɗaukaka ƙara?"

Na miƙa masa ina murmushi (har da waiwayen dattawa, don su shaida). Ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi: "Bugun takarda, shafi biyu. Fotokwafi, huɗu. Mun gode, sai kun sake zuwa."

Mai unguwa ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Gumi ya karyo min har cikin takalmi.

"Malam," in ji magatakarda, "sai an biya kuɗin shigar da ƙara a nan, da na kwafin shari'ar farko, da na kai sammaci. In ba haka ba, wannan wasiƙa ce kawai. Kuma wa'adinku jibi zai cika."

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dube ni kawai ya ce, "Ɗana, ko tambaya ba ka yi ba?"

Washegari ya kai buhunan waken da ya ajiye don sayen taki kasuwar Dawanau ya sayar, ni na yi dakonsu har bakin mota. Ranar cikar wa'adin muka biya, ana saura awa biyu a tashi aiki. Daga baya aka ce a sake sauraron shari'ar, shaidu suka zo, Baba ya karɓi kunyoyinsa. Sai dai gonar ta sha shekara ba taki, gero ya fito a tsumbure, kuma duk wanda ya wuce ya san dalili.

Yanzu ko asibiti na shiga, kafin in zauna sai na ce, "Don Allah ni baƙo ne, ban san komai ba. Ina ake biya?" Na lura jahilcin da mutum ya faɗa da bakinsa ya fi araha.