Ƙaguwa Mai Takalmin Roba

"...da sanyi kuma, tsoho? Na ce ina wuni, ko kunnen ma ya yi ritaya?"

"Lafiya lau nake kafin ki shigo. Rufe ƙofa, tsinken tsintsiya, kada iskar teku ta yi gaba da ke."

Ingunn ce, jikar Torleif, tana kakkaɓe ƙanƙara daga takalmi. Ya san abin da ya kawo ta, shi ya sa tun safe bai taɓa gahawarsa ba. Ita da abokanta ke shirya taron finafinan banza a tsohon siliman garin duk lokacin sanyi. Kowa ya zo da safar hannu ta ulu, inda fim ya fi lalacewa a jefi allo ana shewa, wanda safa ta fi taruwa a gaban fim ɗinsa shi ne gwarzon shekara. Bana fim ɗin Torleif take so, wanda ya haɗa da kuɗin kifi yana sabon ango, labarin wata ƙatuwar ƙaguwa mai cinye jiragen masunta. A ciki matarsa Borghild ta fito, ita kuwa bara aka binne ta.

"Na zo karɓar faifai," in ji Ingunn, ta kai hannu kan wainar da ke faranti.

"Ɓera ya cinye."

"Gwangwanin ƙarfen?"

"Ɓeran bakin teku ne, kifi yake ci, haƙoransa sun fi naki."

"Ai ɓeran da ya ci fim ɗinka da mun ga gawarsa."

"Ji mini yarinya! Ranar da aka nuna fim ɗin nan mata uku suka sume."

"Dariya ce ta sumar da su, Kaka. Ƙaguwar da aka ɗinka da tsohuwar kushin da rigar ruwa, ga takalmin robar ƙanenka Halvard yana leƙowa ta ƙasa!"

"Ƙaguwar arewa ce, sanyi take ji."

"Sau biyu ta tsaya ta sha taba."

"To ke da kika yi karatun jami'a, wa ya gaya miki ba sa sha?"

Yana maganar ne yana murza hularsa a kan gwiwa. Idonsa ya kai kan kabad, inda gwangwanin yake bayan kofuna, ya yi maza ya ɗauke. Ingunn ta gani. Ta ce masa tsoho mai ran ƙarfe, ya ƙi mutuwa ya bar mata gado, ɗan faifan ma ya hana. Ya ce gadonta tsohuwar komar kamun kifi ce, in ta iya ta kama miji da ita. Ta ce an riga an buga sunansa a takardar talla, an manna a shagon burodi da ƙofar coci, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Nan murmushinsa ya ɗauke.

"Ni a jefe ni," ya ce a hankali. "Halvard ma a jefe shi, dama bashin duka yake ci. Amma akwai inda kakarki take tsaye a kan gada, fuskarta ta cika allo. Yaran da ba su san ta ba su yi ta jifanta suna ihu, ina zaune? Ita ba ta nan balle ta rama."

Ingunn ta ajiye wainar.

"Wurin da ta juya baya, kafaɗunta na rawa?"

"Kuka take yi, ƙaguwa ta ci mijinta. Ba a taɓa kuka irinsa a fim ba."

"Kaka, dariya take yi."

"Ƙarya kike, 'yar nema."

Sai ta ba shi labari. Tana ƙarama, duk sanda ya fita teku, kakarta kan rataya zanin gado a bango, ta kunna majigi, su zauna da waina. Da takalmin Halvard ya leƙo, sai tsohuwar ta cire safar hannu ta wurga wa ƙaguwa, tana dariya har da hawaye. In aka zo wurin gada kuwa, hoton kanta take jifa, tana cewa a dubi wannan mata, an ce ta yi kuka ta kasa. Daga falon nan, in ji Ingunn, ta ɗauki al'adar ta kai silima.

Shekara da shekaru Torleif yana yaba wa matarsa wannan kuka a gaban baƙi, tana sunkuyar da kai, shi yana zaton kunya ce.

"Ashe munafukai biyu na ciyar a gidan nan," ya ce.

"Uku. Halvard ma yakan zo."

Dariya ta kuɓuce masa, ta haɗu da tari, sai da ta bubbuga masa baya. Ya miƙe da kyar, ya ture kofuna, ya sauko da gwangwanin. Sannan ya ja aljihun kabad ya fito da safar hannu ja, saƙar Borghild, babban yatsa ya sha ɗinki. Ya ba ta ɗaya, ya cusa ɗaya a aljihu.

"Kujerar gaba nake so. Kuma ba mai jifan matata kafin ni."

"An gama, gwarzo."

Har ta kai ƙofa ya kira ta. Ya koma murza hular.

"Ke, in kuma aka kalla shiru, ba wanda ya yi jifa fa?"

"Fim ɗinka? Tsoho, ba mai komawa gida da safa, yatsu za su daskare a garin nan."

"To madalla," in ji shi. "Ɗauki sauran wainar, ɓarauniya."