Yabon da Aka Yi wa Zogalen Tabawa

"Inna, in Baba Bunsuru ne mai gadin lambu, me ya sa gemunsa ya yi kore?"

Cima ta yi tambayar da ƙarfi a tsakiyar majalisa, uwarta Tabawa kuma ba ta toshe mata baki ba. Tabawa gafiya ce, 'ya'yanta huɗu, haihuwar fari, ita ma amsar nan ta zo nema.

Tsarin dajin ba ɓoyayye ba ne. Bauna ke sarauta, Galadima Bika, babban biri, ke magana da yawunsa, ƙananan dabbobi ke noman lambun bakin rafi, awaki ke gadi. Kowa ya san aikinsa, kowa kuma ya san masu ƙiba.

Sau biyu a rani ɗaya aka gwaguye wa Tabawa ƙananan zogalen da ta dasa don 'ya'yanta su samu abin ci a bazara. Ba ta zauna kuka ba. Ta gutsure inda ya tsage, ta tara ƙasa a gindi, ta yi ta jigilar ruwa a ƙoƙon goruba har tafukanta suka fashe. Kwana takwas, sai ga toho biyu a inda aka ci ɗaya.

Galadima ya miƙe, ya ɗaga wani reshe da ya sa aka tsinko daga lambun.

"Jama'a, wannan baiwar Allah ta kawo ƙarar ɓarna. To, ga ɓarnar. Da reshe ɗaya ne, yanzu biyu. Sarki ya yaba da juriyar zogalen ƙasarmu, wanda babu irinsa a kowane daji. Ya kuma yaba wa masu gadi, da suka yi masa aski ba tare da neman lada ba."

Bunsuru ya sunkuyar da kai don kunya, yana tuƙa.

Tabawa ta matso gaba. Ta jawo saiwa biyu ta ajiye a gaban Sarki, ɗaya ƙatuwa kamar ɗan rogo, ɗaya a yamutse.

"Ranka ya daɗe, ni a ƙarƙashin ƙasa nake kwana, na san abin da ke can. Wannan ta wanda ba a taɓa ba ce. Wannan ta wanda aka ci sau biyu. Tohon da Galadima ke ɗagawa, daga jikin saiwar nan aka tatso shi. Abincin da ta ɓoye ne take fitarwa don kada ta mutu. Zai kai sau uku, wataƙila huɗu, shi ke nan. Ba yabo na zo nema ba. A bar ni in kewaye shukata da ƙaya."

Bauna ya buɗe ido ɗaya ya dubi Galadima.

"Uwar Cima," in ji Galadima a hankali, "majalisa tana hukunci da abin da ke sarari. Abin da ke cikin rami, na mazauna rami ne. Ƙaya kuwa zargi ce ga masu gadi, kuma zargi na raba kan jama'a."

A ranar aka yi doka biyu. An hana ƙaya, an mai da aski kowane mako.

Bayan aski na uku zogalen ya sake toho, ƙanana, masu launin ruwan ɗorawa. Aka yi biki, aka rataya wa Tabawa fure a wuya. Ta kai gida ta ba yara suka cinye. Bayan na huɗu ta yi kwana goma sha biyu tana ban ruwa ga sandunan da suka bushe. Da ta tona, ɓawo kawai ta tarar.

Majalisa ta zauna binciken dalilin da ya sa zogalen bana ya rasa juriyar iyayensa. Aka gano sakacin masu ban ruwa ne.

Tabawa ba ta je jin sakamako ba. Da hantsi ta cika kumatunta da irin da ya rage, ta tasa 'ya'yanta a gaba zuwa hayin rafi, inda babu sarki, babu gadi, ƙasar kuma tsakuwa ce. Ƙaramin cikinsu sai da ta goya, don ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. A hanya ta wuce maƙwabciyarta Kunkuru tana washe baki, wai Galadima ya aiko a gaya mata ramar da ta shuka akwai juriya.

Ke mai shuka, ke mai goyo, ranar da manya suka taso takanas don su yaba haƙurin abin da kike reno, kada ki tsaya godiya. Je ki tona gindinsa ki duba, sannan ki nemo ƙaya tun ba a hana ba.