Ranar da Maganaɗisu Ya Ƙi Tashi

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da manoman ƙauyenmu suka taru a ƙofar gidanmu don su ga ƙarfe ya tsaya a iska ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na ga tururi na fita daga bakin filas sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a a Kano, ina karanta fiziks. Gidanmu yana tsakanin Kura da Bunkure, dab da babban kanal ɗin da ke kawo wa gonaki ruwa. Baba manomi ne, tumatir da albasa da rani, shinkafa da damina. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ni kuwa tun ina ƙarama an san ni da zama a bakin ƙofar ruwan kanal ɗin in zuba wa ruwa ido yana juyawa kamar ana dama kunu, har a manta an aike ni. (Sau biyu Inna tana biyo sawuna da kwanon abincin gonar da na ajiye a gefe.)

Wannan halin ne ya kai ni ga aikin bincikena. Akwai wasu abubuwa da ake kira sufakondakta, waɗanda in sun yi sanyi ƙwarai wutar lantarki ke ratsa su ba tare da tirjiya ba. In aka kawo maganaɗisu kusa da irin wanda nake nazari, ƙarfinsa ba ya shiga gaba ɗaya, sai dai ya kutsa siriri-siriri kamar zare, kowane zare da 'yar guguwar lantarki tana kewaye shi. Ranar da na fara karanta wannan, sai na ga kanal ɗinmu a cikin littafi. Na shafe watanni ina lissafin yadda guguwoyin nan suke motsi da yadda suke maƙalewa, kuma (wannan sirri ne) na rubuta musu waƙa har uku.

Dakta, malamin da ke duba aikina, ya ce in dawo digiri na biyu in ci gaba. Baba kuwa ya riga ya gama tsarinsa: in yi bautar ƙasa, in dawo in koyar a makarantar 'yan mata kusa da gida. Da na kawo masa maganar, bai ce a'a ba. Ya ce, "Uwata, shekara huɗu ina ce wa mutane kina karatu. In an tambaye ni na mene ne, sai in ce na lantarki. Ran nan injin ban ruwa ya tsaya, maƙwabcina Sale ya ce a kira ki. Ki nuna mini abu ɗaya da zan gani da idona, sai mu yi magana."

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Baba, zan sa maganaɗisu ya tsaya a iska, ba zare, ba komai."

Ya dube ni ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Sau ɗaya tak na taɓa ganin an yi abin. Dakta yana da wani ɗan baƙin faifai na sufakondakta, bai fi murfin kwalba girma ba, da ya zo da shi daga inda ya yi karatu, ya taɓa nuna mana a aji. Gaskiyar magana, ranar ban kalli hannunsa ba. Farin hayaƙin da ke malala a kan tebur nake kallo, ina neman kalmar da za ta dace da shi a waƙa. Ina ɗago kai na ga maganaɗisu a tsaye a iska, ana tafi. Na ce a raina ai shi ke nan, a zuba sanyi, abu ya tashi.

Da ƙyar ya ba ni aro. A cikin gwangwanin akwai faifan, da ɗan maganaɗisu kamar ƙwayar masara, da hantsakin roba, da wani guntun kwali mai kauri. Ya ce, "Kin dai tuna yadda na yi?" Na ce, "Sosai, Dakta." A mota na ciro kwalin, na ga ai na tokare kaya ne kawai don kada su yi ƙara, na cusa shi cikin littafin waƙoƙina ya zama alamar shafi.

Saura sanyi. Ba irin na ƙanƙara ba, sai ruwan naitirojin, wanda in ka tsoma ganye a ciki ya fito yana karyewa kamar tangaran. A duk yankinmu mutum ɗaya na san yana da shi: wani likitan dabbobi wajen Kadawa, da ke ajiye irin bijimai a cikinsa don shanun Fulani. (Ba zan yi dogon bayani ba. Ni ma kaina a sunkuye na roƙa.) Ya cika mini filas ɗin shayin Inna, ya toshe bakin da auduga, ya ce kada a kuskura a ɗaure murfin, kuma in yi sauri don yana ƙafewa. "Wannan ne kaɗai, Malama. Sauran na shanu ne."

Na rungumo filas ɗin a kan acaɓa kamar jariri. Ina isa gida Inna ta miƙo hannu za ta rufe shi, wai wace irin mace ce ke barin filas a buɗe. Da na tsallake wannan sai na ɗauka na tsallake komai.

Abin da ban sani ba shi ne Baba ya faɗa wa mutum ɗaya, kuma mutumin Malam Sale ne, maƙwabcinsa a gona. Malam Sale Bazazzagi ne, ya kwashe shekara da shekaru a garinmu yana tsokanar Kanawa, kuma bai taɓa riƙe labari ya kwana ba. Bayan la'asar na leƙo na tarar an shimfiɗa tabarmi uku. Masu noman rani, da masu ɗinkin bakin kwandon tumatir, har da dillalan tumatir da suka bar motarsu a bakin hanya. Mata sun cika soro suna leƙe. An ɗora faifan tuwo a kan turmi an yi mini tebur.

"Ga Farfesa nan," in ji Malam Sale. "A matsa mata. In ya tashi da ƙarfi kada ya fasa wa wani ido."

Da na yi shiru na yi aikina da abin ya zo da sauƙi. Amma ina, sai na yi jawabi. Na ce musu abin da za su gani yana cikin abubuwan al'ajabi na halittar Ubangiji. Na yi maganar guguwoyin da ido ba ya gani, na ce suna jeruwa sahu-sahu kamar kunyoyin albasa. Na ce sanyi yana koya wa ƙarfe natsuwa. (Wallahi na faɗi haka, a gaban dillalan tumatir.) Wani tsoho ya gyaɗa kai, ina jin don tausayi.

Sannan na sa baƙin faifan Dakta a cikin ɗan ƙoƙo, na ɗora maganaɗisun a kansa daram, na yi bisimilla na tsiyaya ruwan. Ya tafasa yana ƙara, farin hayaƙi ya malalo daga kan turmi ya bi ƙafafun mutane. Na gaba suka janye ƙafa, mata suka ɗauki salati. A wannan ɗan lokacin ban taɓa jin na kai haka ba a rayuwata.

Hayaƙi ya washe. Maganaɗisu na nan zaune inda na ajiye shi.

Na ce, "Yana ɗan ɗaukar lokaci." Na ƙara ruwa. Muka jira. Wata akuya ta zo ta leƙa ta wuce. Na ƙara ruwa, filas ya soma sauƙi a hannuna.

"Ko yana jin nauyin manya ne?" in ji Malam Sale. "Mu juya baya?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, saboda Baba na wurin. Na ɗauki hantsaki na ce bari in ɗan taimaka masa. Na kama maganaɗisun na ja sama, sai faifan gaba ɗaya ya biyo shi, suna manne, ruwa na ɗiga. Na tsaya da su a hannu kamar wadda ta kamo kwaɗo.

Wani dillali ya ce, "To ai Hajiya wannan maganaɗisu ne. Dama aikinsa ke nan, ya kama ƙarfe. Akwai shi a bayan rediyo."

Na buɗe baki in ce faifan ba ƙarfe ba ne, aka riga ni. Malam Sale ya miƙe yana kaɗe riga. "Alhaji, shekara huɗu a birni, an gano maganaɗisu yana kamu. Kanawa kun ci gaba. Allah ya sa albarka." Wannan karon ba wanda ya riƙe dariyarsa. Dillalai suka tuna da motarsu, masu kwando suka tuna da kwandunansu, soro ya zama wayam. Na ji Inna daga ciki tana cewa a dai dawo mata da filas ɗinta.

Na durƙusa a gaban turmi, mayafina ya rufe mini fuska, ina ƙirga tururuwa. Saura Baba da Malam Sale, wanda takalminsa ɗaya ya ɓace a cikin tabarmi.

Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya matso ya tsuguna ya ce, "Uwata, bar kuka. Ce mini, me ya riƙe shi?"

Na ce cikin shessheƙa, "Guguwoyin ne, Baba. A cikin faifan akwai 'yan gurɓatattun wurare, nan suke maƙalewa. Inda sanyi ya same su, nan suke zama, ba sa…"

Ban ƙarasa ba. Babi na uku na aikina ke nan, shafi wajen ashirin, da hannuna na rubuta shi. Irin wannan faifan ba ya ture maganaɗisun da aka sanyaya shi da shi a kai, riƙe shi yake yi a daidai inda ya same shi. Ni kuwa na manna su tun kafin in zuba sanyi.

Baba ya ce, "Kamar na ƙofar ruwa ke nan. Wancan juyin na gefen hagu, shekara nawa yana wuri ɗaya, don akwai dutse a ƙasa. To in inda sanyi ya same shi nan yake tsayawa, me ya sa ba ki bari ya same shi a sama ba?"

A lokacin ne guntun kwalin ya faɗo mini a rai, yana can kwance tsakanin baiti na huɗu da na biyar. Na tuna ma, kamar a mafarki, na ga Dakta yana zare wani abu a hankali kafin a fara tafi.

Na jijjiga filas, saura kaɗan a gindi. Ban yarda in tashi neman littafi ba, don na san in na shiga ɗaki ba zan fito ba. Na ajiye faifan a rana sanyinsa ya fita har ya saki maganaɗisun. Baba ya zaro kara daga jikin danga, ya tsaga shi da wuƙarsa, ya feƙe ya miƙo mini. Na ɗora tsagin karan a kan faifan, maganaɗisu a kan karan, na juye ragowar ruwan har ɗigon ƙarshe. Da tafasar ta lafa, na zare karan.

Ya tsaya. Tsakaninsa da faifan akwai fili, ana hango hasken yamma ta ƙarƙashinsa. Na taɓa shi da hantsaki ya juya a hankali a wurinsa, bai faɗi ba.

Baba ya kwanta rub da ciki a kan tabarma, da girmansa da komai, ya leƙa. Ya zura siririn tsinke ta ƙasa ya fito ta ɗaya gefen. Ya ce, "Ikon Allah." Malam Sale ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu bai ce uffan ba, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin ƙauyenmu. Ba a jima ba sanyin faifan ya fita, maganaɗisu ya sauko a hankali ya zauna.

"Sale, ka gani?"

"Na gani. Amma ko na faɗa ba mai yarda da ni."

Wannan gaskiya ne, kuma haka aka yi. Ya bi gari yana rantsuwa, mutane suna cewa sabuwar tsokana ce. Har na gama bautar ƙasa, in na wuce bakin kanal sai in ji wani ya ce, "Farfesa, ya tashi kuwa?"

Baba ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa. Na jira hukunci. Ya daɗe yana jujjuya tsagin karan a hannu, sannan ya ce, "Ki koma makarantar, Uwata. Abin gaskiya ne, na gani. Kuma na ga karatun naki da saura."

Haka na samu izinin digiri na biyu: ba don na burge kowa ba, sai don mahaifina ya tabbatar ban gama koyo ba. Da na mayar wa Dakta gwangwaninsa ya ga tsagin kara a maimakon kwali, bai tambaye ni ba, ni ma ban yi bayani ba.

Har yanzu ina rubuta waƙa, kuma hayaƙin nan yana burge ni kamar ranar farko. Sai dai in ana nuna mini abu, hannun mai nunawa nake kallo, waƙa ta jira. Kuma duk guntun kwalin da na tsinta a cikin kayan wani, sai na tambayi aikinsa kafin in sa shi a littafi.