In Iya Ta Faɗi

Allah sarki, gidan Iya Tabawa! Soro ɗaya ne da bishiyar lemo, a nan take zaune da babban ɗanta Nomau. Nomau ya ba hamsin baya, amma yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Ƙanensa Sallau yana Kano, ya dage sai ya ɗauke Iya daga gidan da aka kawo ta tana amarya, wai kada ta faɗi ba mai ɗaga ta. Iya ta ce sai dai gawarta.

Wata rana sai ga Malama Rahila daga jami'a, tana binciken bukatun tsofaffi a gidajensu don a ƙera musu na'urar taimako. Sallau ya ce in na'urar ta yi aiki, Iya ta zauna. Malama ta ce, "Malam Nomau, gano mana abin da ya fi yi wa Iya nauyi." Washegari ya iso masaukinta da dutsen niƙa a ka, yana nishi.

Wata rana ta ba shi waya, ta ce, "Ɗauko mana hoton ɗakinta." Gogan naka ya ajiye wayar, ya ciro hoton marigayi babansu daga bango. Tsohuwar da ake cewa ba ta iya tafiya ta biyo shi da muciya har ƙofar gida!

Wata rana aka kawo na'urar, 'yar ƙarama mai madanni ja. Malama ta ce, "Duk sanda Iya ta faɗi, ka danna, wayar Sallau za ta yi ƙara." Kafin azahar wayar ta yi ƙara sau goma sha tara. Sallau ya taso da mota hankali tashe, ya tarar da Iya lafiya lau tana ɓare gyaɗa.

"Yaya, a ina ta faɗi?"

"Nan kan tabarma. Ta faɗi yadda aka haife ka ranar ruwan ƙanƙara. Ta faɗi waƙar da Baba ke yi mata. Kullum tana faɗi, ni kaɗai ke ji."

Kunya ta kama Sallau. Ya cire takalmi ya zauna. Iya ta ce, "Rabon da ka hau tabarmar nan shekara uku ke nan."

Da Malama Rahila ta ji labari, ta rubuta a rahotonta cewa a sa wa na'urar abin magana. Da la'asar Sallau ya tashi komawa Kano shi kaɗai. Yana tayar da mota ya leƙo ta taga, ido jawur.

"Yaya, gobe ma in ta faɗi, ka danna."