Hular Da Na Yi Wa Jiki

Ba zan taɓa mantawa da wannan 'yar hula ba, ko da na so ma 'yan rumfarmu ba za su bar ni ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, rabin haushin na Modu ne, rabin nawa.

Modu ɗan yayata ne, shi ke yi wa baƙi masu kallon tsuntsaye jagora a fadamar Haɗeja. Ni kuwa ɗinkin hula nake yi a kasuwa tun ina saurayi, kuma (bari dai in faɗi gaskiya) ina ji da kaina. Wata rana ya faɗo rumfa a gurguje, ya dire mini wani baƙin ƙyalle zagayayye, da kaɗan ya wuce tafin hannu.

"Kawu, wata baƙuwa ce ke so ka yi mata aiki a kan wannan. Ɗanta zai sa ranar aurensa."

Ya haye babur ya ƙara gaba. Ka ji fa! Bai ce mini Bayahudiya ce ba, bai ce mai zane-zane ce da ke ƙawata kayan da suka gada da aikin hannun wasu ƙasashe ba.

Na juya abin nan a hannu. Duk mai sana'armu ya san hula kashi biyu ce, da sama da jiki. To ga sama, ina jiki? Na miƙa wa maƙwabcina Malam Goni, na ce, "Dubi aikin Turawa, sun fara hula sun gaji." Muka sha dariya. Sai na ɗaura aniyar fitar da ango kunya. Na ƙara wa saman faɗi, na zauna na zuba masa jiki irin na zanna, na haɗe su da ɗinki mai ƙarfi don ƙyallen ya tsufa. Ban tsaya nan ba (kaicona), sai da na kai wa mai wankin hula ya wanke ta fes, ya sa sitaci, ta tsaya ƙyam.

Ranar karɓa ni da kaina na tara maƙwabta su zo su ga aiki. Matar ta iso da Modu, dattijuwa ce mai fara'a. Ta karɓi hula tana jujjuyawa, har idonta ya kai kan saman. Nan take fara'ar ta ɗauke. Ta yi magana a hankali, Modu ya sunkuyar da kai.

"Kawu, ta ce hular marigayi mahaifinta ce. Haka take, cikakkiya ce. A tsakar ka mazansu ke ɗora ta in za su yi ibada. Ɗan siririn layin zarenmu kawai take so a bakinta."

"To me ya hana ka faɗa mini, don Allah?"

"Ai ba ka tambaya ba, Kawu."

Wallahi ba don mutane ba da na kwaɗa masa almakashi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa.

A gaban taron da na tara na zauna ina farke aikina, zufa na zuba, Goni yana ta tarin ƙarya don ɓoye dariya. Da 'yar hular ta fita, bakinta duk hudar allura ne. Na ce wannan mai sauƙi ne, layin da take so zai rufe. Matar ba ta ko dubi hudar ba. Ta kai hular hancinta ta shaƙa, ta sake shaƙa, sannan ta dube ni da jajayen idanu. Wannan karon ban nemi tafinta ba. Ƙanshin mahaifinta take nema, ni kuwa na sa an wanke shi.

Na yi mata layin, ya yi kyau, ta yi godiya, godiyar da ta fi mini zagi ciwo. Jikin hular yana nan rataye a rumfa ba sama, Goni ya hana a jefar don ya riƙa nuna wa baƙi. Ni dai tun daga ranar, ko tsumma aka kawo mini, sai na tambayi na wane ne kafin in zura zare a allura.